Hakkin Wanda Bai Sa Hannu Ba



Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya zuwa Funtuwa, ko ya zarce daga Funtuwa ya nufi Gusau, ya ga waɗansu dogayen turakun ƙarfe tsaye a tsakiyar gonaki, sun jeru ɗaya bayan ɗaya har iyakar ganin ido, suna ɗauke da manyan wayoyi. Haka kuma wanda ya fita daga nan Matazu ya hau hanyar Kano zuwa Katsina ta Kankiya, zai ga irinsu. A ƙarƙashinsu akwai masara da dawa da auduga da waken suya. Akwai kuma manomi da fartanyarsa, wanda sau da yawa in ya koma gida da almuru, tocila zai kunna ya ci tuwo. Wutar da ta isa ta haskaka gari guda tana wucewa bisa kansa dare da rana, amma ko ƙwan fitila ɗaya ba ta kunna masa ba.

Waɗannan turaku da wayoyi suna da mai su, mai su kuwa bai kafa su da ka ba. Akwai takardu da yawa da suka ɗaure shi: lasisin da hukuma ta ba shi, da yarjejeniyar da ya ƙulla da masu samar da wuta, da wadda ya ƙulla da masu rarraba ta. A cikinsu an rubuta abin da yake bin waɗansu, da abin da waɗansu suke binsa. Sai dai in muka duba wurin sa hannu, ba za mu ga sunan manomin nan ba, ko na mai injin niƙa a kasuwar Matazu, ko na ungozomar da ke karɓar haihuwa da hasken wayar hannu. Tambayar da muke so mu yi tunani a kanta a wannan fitowa ita ce: alkawari yana ɗaure mutum ga waɗanda suka sa hannu tare da shi kaɗai, ko kuwa akwai hakkin wanda bai sa hannu ba? In kuwa akwai, shi wanda bai sa hannun ba, ba a binsa kome?

WANE NE MAI WAYAR?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san wanda muke magana a kansa, gama har yau yawancinmu Nepa muke kiran duk wanda ya shafi wuta. An kafa NEPA a 1972, sa'ad da aka haɗa hukumar wutar lantarki ta ƙasa da hukumar madatsun ruwa wadda ta gina madatsar Kainji, da aka kammala a 1968. Shekara talatin da 'yan kai hukuma ɗaya ce take samar da wuta, ta yi dakonta, ta kuma sayar. Dokar gyaran harkar wutar lantarki ta 2005 ta raba wannan gida kashi 18: kamfanoni 6 masu samarwa, 11 masu rarrabawa, da ɗaya tak mai dako, watau TCN. A Nuwamba 2013 aka miƙa yawancin masu samarwa da masu rarrabawa ga 'yan kasuwa, cikinsu har da KEDCO, mai kula da Kano da Katsina da Jigawa. Kamfanin dako kuwa ya zauna a hannun Gwamnatin Tarayya. Daga 2012 zuwa 2016 an ba wani kamfanin ƙasar Kanada, Manitoba Hydro International, kwangilar tafiyar da shi, amma mallakar ba ta sauya ba. Bayan sabuwar dokar wutar lantarki ta 2023, an cire aikin lura da daidaiton wuta da kasuwarta daga hannunsa aka ba wata sabuwar hukuma mai suna NISO, shi kuma aka bar masa turaku da wayoyi da tashoshi.

Me ya sa ake bukatar mai dako? Domin inda ake samar da wuta dabam, inda ake bukatarta dabam. Madatsun Kainji da Shiroro suna Jihar Neja, yawancin tashoshin da ke aiki da iskar gas kuwa suna Kudu. Kafin wuta ta iso ƙasar Katsina sai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, waya kuwa tana cin wani kaso na abin da ke bi ta cikinta, tana mai da shi zafi. Maganin wannan asara shi ne a ɗaga ƙarfin turin wutar ƙwarai. Manyan layuka suna ɗauke da bolt 330,000, masu bi musu 132,000, irin wanda ya taso daga Kaduna ya bi ta Zariya da Funtuwa zuwa Gusau, da wanda ya taso daga Kano ya bi ta Kankiya zuwa Katsina. A tashoshi irin na Funtuwa da Kankiya ake sauke ƙarfin zuwa 33,000, a nan ne kuma nauyin mai dako yake ƙarewa, na mai rarrabawa ya fara.

Wani abu kuma da ya kamata mu riƙe shi ne, wutar layi ba ta da rumbu. Abin da aka samar a wannan daƙiƙa, a wannan daƙiƙa ake shanye shi. In masu sha suka rinjayi masu samarwa, ko masu samarwa suka rinjaye su, sai ma'auni ya karkace, injuna su kashe kansu don kada su lalace, ƙasa duka ta faɗa duhu. Saboda haka kowa a wannan harka ya rataya ga kowa, shi ya sa aka yawaita rubuta sharuɗɗa.

ABIN DA TAKARDA TA CE

Mu kwatanta mai dakon wuta da direban babbar mota da ya ɗauki buhunan masara daga kasuwar Dandume zuwa Kudu. Ba shi ya noma ba, ba kuwa shi zai auna wa mai saye a mudu ba. Amana ce aka ɗora masa daga wuri zuwa wuri, yana da ladansa, yana da nauyinsa. Bambancin guda ne, amma babba. In direba ya ɓata maka, gobe ka je tasha ka nemi wani. Babu wanda zai kafa layi na biyu kusa da na fari domin ka zaɓi wanda ya fi maka. Mai wayar ba shi da abokin gasa, shi ya sa ba a bar shi ya yanka wa kansa lada ba. Hukumar sa ido, NERC, ita ce take yanka masa.

Takardun sun ba shi hakkoki sanannu. Yana da hakkin a biya shi ladan dako. Yana da hakkin ya ratsa ƙasar mutane da layinsa, ya kuma shiga ya duba ya gyara. Yana da hakkin ya bukaci duk wanda ya jona da layinsa ya bi ƙa'idodin jonawa, domin kayan mutum ɗaya marasa kyau suna iya kā da kowa. Yana da hakkin ya kashe layi na ɗan lokaci don gyara, bayan ya sanar. A gefe guda kuma sun ɗora masa wajibai. Wajibi ne ya buɗe layinsa ga kowane mai lasisi ba tare da son kai ba. Wajibi ne ya kula da turaku da tashoshi kada su ruɓe. Wajibi ne ya faɗaɗa su gwargwadon ƙaruwar jama'a. Wajibi ne ya kiyaye rayukan waɗanda suke zaune kusa da kayansa.

In muka lura da kyau, za mu ga kowane hakki a cikin waɗannan, wani wajibi ne ya haife shi. An ba shi lada domin zai gyara. An ba shi ikon ratsa gona domin kayan da yake ɗauke da su na kowa ne. An bar shi ba abokin gasa domin ya yi alkawarin isar da kowa. Ran da ya saki wajibin ya riƙe hakkin, ya zama kamar wanda ya karɓi kuɗin noma ya bar gonar da ciyawa. Hausawa sun riga sun yanke wannan shari'a: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Duk da haka, dokar da muka gada daga Ingila tana da wata tsohuwar ƙa'ida, cewa wanda ba ya cikin yarjejeniya ba shi da ikon kai ƙara a kanta. Ita kanta Ingila ta sassauta ƙa'idar da wata doka a 1999. Ba za mu ce ƙa'idar ba ta da hikima ba, gama in kowane mutum da aka ɗauke wa wuta zai maka mai dako a kotu, ba wanda zai yarda ya yi dakon. Amma inda ikon alƙali ya tsaya, ba nan ne lamiri yake tsayawa ba.

Malaman ɗa'a, tun daga Aristotal har zuwa Waliyyi Toma Akwinas wanda ya rasu a 1274, sun rarrabe fuskokin adalci. Akwai adalcin musaya, tsakanin mutum da mutum: na ba ka, ka ba ni, mudu da mudu. Akwai adalcin rabo, watau abin da jama'a gaba ɗaya take ba kowane ɗanta daga alherin da aka tara. Akwai kuma abin da kowane mutum zai ba jama'a domin ta tsaya. Yarjejeniya tana tsare na farko, ta bar sauran biyun a wuyan mutane. A 1891 Paparoma Leo na 13 ya koyar, game da ladan ma'aikata, cewa amincewar ɓangarori biyu kaɗai ba ta isa ta mai da ciniki na adalci ba, in bukata ce ta tilasta wa mai rauni ya yarda. To, in haka ne ga wanda ya sa hannu bisa tilas, ina ga wanda ba a ma kira shi wurin cinikin ba?

GONAR MANOMI

Mu fara da mai gonar. Kakanninmu sun san burtali: hanya ce da aka keɓe tsakanin gonaki domin dabbobi su wuce, ba mai shuka ta, ba mai gini a kanta, domin amfaninta na kowa ne. Layin wuta ma yana da burtalinsa. Ƙa'idodin ƙasa sun keɓe faɗin mita 50 ga layin 330,000, watau 25 a kowane gefe, da mita 30 ga layin 132,000. Wanda ya iya lissafin gona zai gane girman abin: kowace kilomita ɗaya ta ƙaramin layin tana ɗaure hekta 3, ta babban kuwa hekta 5. A cikin wannan fili ba a gini, ba a barin dogon itace, ko da yake galibi akan bar manomi ya shuka abin da ba ya tsawo.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, a matsayin amana domin jama'a, ta kuma ba shi ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a. Diyyar da ta tanada ta abin da ke bisa ƙasar ce, watau amfanin gona da itatuwa da gine-gine, ba ta ita ƙasar kanta ba.

Yana da kyau a karɓi wani yanki na gonar mutum alhali ba ya so? Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da Nabot, a Littafin Sarakuna na Fari sura 21, wanda ya ƙi sayar wa Sarki Ahab gonar inabin da ya gada, ko da yake an yi masa tayin kuɗi ko wata gona mafi kyau. Amma mu lura da abin da Ahab yake so: lambun kansa, kusa da fadarsa. Layin da zai kai wuta asibitin Gusau ko na Katsina ba lambun sarki ba ne. Saboda haka muna ganin manomi ba shi da ikon tare hanyar alherin dubban mutane don kawai gonar tasa ce. Amma wannan hujja da ta halatta karɓar, ita ce kuma ta wajabta diyya cikakkiya. In amfanin na kowa ne, kuɗinsa ma na kowa ne. Ba daidai ba ne mutum ɗaya ya biya da gadonsa abin da gari duka zai ci.

A nan ne ya kamata mai wayar ya duba fiye da jadawalin da ke hannunsa. Mu ɗauki itacen ɗorawa guda da aka sare domin layi. A takarda, itace ɗaya ne, kuɗinsa kaza, an biya, an gama. A gida kuwa, kalwa ce ta kowace shekara, wadda uwargida take yin daddawa da ita ta sayi sabulu da littafin yaro, tun zamanin surukarta. An biya sau ɗaya abin da yake haihuwa shekara da shekaru. Sa'an nan wa aka biya? Wanda sunansa yake a jerin mai unguwa. Matar da take tsintar kalwar ba ta a jerin. Wanda ya karɓi aron gonar ko jinginarta ya zuba mata taki, shi ma ba ya ciki. Gwauruwa da marayun da 'yan'uwan miji suke magana da bakinsu, sukan ji labarin kuɗin bayan an raba. Diyyar da aka jinkirta shekaru kuma, ko an biya ta cif, ba ita ce aka yi alkawari ba, gama kuɗin da zai sayi buhu goma bana, baɗi ba zai saye su ba.

Akwai kuma batun rabo. Tun 2020 aka kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, daga rukunin A da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa rukunin E mai awa 4. A Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Akwai gaskiya a cikin cewa wanda ya fi sha ya fi biya. Amma ƙauyen da ya ba da gonakinsa turaku suka tsaya ya riga ya biya wani abu da ba a lissafa a bil. In aka zo tsara inda za a kai sabon layi ko sabuwar tasha, adalcin rabo yana bukatar a tuna da shi.

UZURIN ABIN DA YA FI ƘARFIN MUTUM

Kusan kowace yarjejeniya irin wannan tana da sharaɗin da yake yafe wa mutum in abin da ya fi ƙarfinsa ne ya hana shi cikawa: yaƙi, ambaliya, guguwa, ɓarnar mahara. Sharaɗi ne na adalci, gama ba a bin mutum abin da ba shi da iko a kai. In ka ari sā na huɗa tsawa ta faɗa masa, ba mai hankalin da zai ce ka biya. Amma in ka bar shi a bakin daji ba turke ba makiyayi, alhali kowa ya san akwai ɓarayi a dajin, sa'an nan ka zo ka ce ƙaddara ce, dattawan gari ba za su karɓa ba.

Mun ga wannan tambaya da idonmu a Oktoba 2024. An riga an lalata babban layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, rashin tsaro kuma ya hana ma'aikata shiga su gyara da sauri. Sai nauyin Arewa ya koma kan layin da ya taso daga Ugwuaji a Jihar Enugu zuwa Apir kusa da Makurɗi. Ranar 21 ga wata shi ma ya faɗi. Kano da Katsina da yawancin jihohin Arewa suka zauna cikin duhu fiye da mako guda. Masu walda suka rufe, ƙanƙara ta yi tsada, masu niƙa suka koma man dizal suka ƙara kuɗi, asibitoci suka dogara ga janareta.

Laifin wanda ya kā da turke yana kansa, ba kuwa za mu ɗora shi a kan injiniyan da ya sa ransa cikin haɗari ya je gyara ba. Irin waɗannan ma'aikata sun cancanci godiyarmu da addu'armu. Amma su injiniyoyin suna da ƙa'idar da suka sani a duk duniya, cewa a gina layuka yadda in ɗaya ya faɗi, sauran za su ɗauki nauyinsa. Cewa yanki mai miliyoyin mutane ya rataya ga hanyoyi ƙalilan, ba a ranar 21 ga Oktoba aka gano shi ba. Uzuri yana rufe abin da ya faru a ranar. Ba ya rufe shekarun da aka sani aka yi shiru. Wanda ya mallaki abin da rayuka suka dogara gare shi, hangen nesa yana cikin wajibansa ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Tun da kuwa mai wannan kamfani Gwamnatin Tarayya ce, tambayar tana kan waɗanda suke yanka kasafin kuɗi, da mu da muke zaɓensu.

Wani misalin ya fi wannan wuya. Daga Katsina akwai layin 132,000 da ya ƙetare iyaka zuwa Gazawa a Nijar, yana ciyar da Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a farkon Agusta, bisa takunkumin ƙungiyar ECOWAS, alhali daga Nijeriya ne Nijar take samun yawancin wutarta a lokacin. Ba a mayar ba sai a Maris 2024, bayan an ɗage takunkumin. Ba aikin wannan shafi ba ne ya yanke hukunci a kan siyasar ƙasashe. Amma mutanen Maraɗi 'yan'uwanmu ne na jini da harshe, inda zuriyar sarakunan Katsina na dā take har yau. Majinyacin da ke kwance a asibitin can bai yi juyin mulki ba, bai kuwa sa hannu a wata takarda ba. Duk mai riƙe da makunnin da zai iya kashe wa gari wuta, ya kamata ya auna wanda duhun zai fara kamawa, domin ba kasafai yake fara kama masu laifin ba.

ABIN DA AKE BINMU

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In mun ce muna da hakki a kan alkawarin da ba mu sa wa hannu ba, to, mun amsa ke nan cewa muna cikinsa, wanda yake ciki kuwa ana binsa. Wannan ita ce fuska ta uku ta adalci.

Turken ƙarfe ba ya faɗuwa da hannu ɗaya. Akwai wanda ya kwance ƙarafan da dare, akwai wanda ya ɗauko su a kura, akwai mai sayen gwangwan da ya auna bai tambayi asalinsu ba, akwai maƙerin da ya mai da su ƙofa, akwai mu da muka sayi ƙofar da araha muka ce mun yi sa'a. Haka jan ƙarfen waya, haka man taransifoma. Wanda ya sayi kayan da ya san na sata ne ya shiga cikin satar, kuma mayar da abin yana kansa kamar yadda yake kan ɓarawon. Kayan gwamnati ba kayan da ba su da mai su ba ne. Na jaririn da ke cikin kwalba a asibiti ne, da ɗalibin da ke shirin jarrabawa.

Haka kuma burtalin layi. Wanda ya karɓi diyya sa'an nan ya dawo ya gina shago a ƙarƙashin waya, ya ci kuɗi biyu, ya kuma sa iyalinsa a bakin mutuwa, gama wuta mai wannan ƙarfi tana iya tsallako iska ta kama mutum ko bai taɓa wayar ba. Wanda ya cinna wa kara wuta a gindin turke da kaka, ko ya haƙi ƙasar bulo kusa da tushensa, yana iya jefa garuruwa cikin duhu ba da saninsa ba.

Sai batun biya. Kuɗin da muke ba mai rarrabawa ba a hannunsa yake tsayawa ba. Daga ciki ake biyan mai dako, da mai samarwa, da mai iskar gas. Wanda ya zagaye mita ya yanke wannan igiya ne daga ƙasa, sa'an nan ya yi mamakin ganin turaku suna tsatsa. Mun san ƙorafin da yake bakinmu duka, na bil ɗin ƙiyasi a watan da ba a ga wuta ba, ƙorafi ne kuwa na gaskiya, har hukumar sa ido ta sa wa irin wannan bil iyaka a 2020. Amma maganin zalunci ba sata ba ce. Akwai hanyar da aka tanada: a rubuta wa ofishin ƙorafi na kamfanin, in ba a sami biyan bukata ba a ɗaukaka zuwa zauren sauraron ƙorafi na hukumar sa ido. Mutum ɗaya yakan gaji a hanya, amma unguwa guda mai takarda da kwanan wata da sa hannu ba a saurin kore ta.

Saboda haka muna ba da shawara ga kwamitocin coci-coci da ƙungiyoyin zumunta. Duk inda aka ji za a ratsa da layi, a tashi tun kafin masu awo su zo. A zauna da mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi, gama waya ba ta tambayar addinin mai gona. A rubuta kowane itace da kowace kadada, da sunan wanda yake cin amfaninsu a zahiri, har da mata da masu aro da marayu. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba. Matasanmu masu ilimi, wannan hidima taku ce. 'Ya'yanmu da suke aiki a waɗannan kamfanoni da ofisoshin ƙasa kuma, ku tuna cewa fayil ɗin da yake kwana a teburinku abincin wani gida ne.

Amsarmu ga tambayar da muka fara da ita ke nan. Takarda tana ɗaure waɗanda suka sa mata hannu a gaban alƙali, wannan kuwa daidai ne. Amma ikon da aka ba mai wayar, da sunan jama'a aka ba shi, a kan ƙasar jama'a kuma yake aiki da shi, don haka jama'a ce take binsa cikawa, tun daga mai gonar da turke ya tsaya a cikinta. Mu ma da muke neman wannan hakki, ana binmu tsaron layin da biyan abin da muka sha. Alkawari kaya ne, wannan kayan kuwa kowa yana da gefen da zai kama.

Allah ya ba shugabanninmu zuciyar riƙon amana, ya kiyaye ma'aikatan da suke hawan turaku domin mu, ya ba mu kuma gaskiyar da za mu ba kowa hakkinsa. Amin.